Atamfar da Muka Ɗinka wa Auren Mai Tattabaru

Shekarar da na gama sakandare ina zaune a gida a unguwar Maamobi, ina jiran sakamako. Da safe in taya mahaifiyata Mma sayar da koko da ƙosai a bakin titi, da rana in rasa inda zan sa kaina. A wannan zaman ne ƙawata ta kawo wani katun a wayarta. Ɗakinsu yana kallon namu, tare muka taso, tare muka sha bulalar malam a makarantar allo. Ita ta bar boko da wuri ta shiga koyon ɗinki a wani shago a Nima. Madam ɗinta tana da intanet a shagon, to a can take sauko da katun ɗin kashi-kashi, ta kawo mu kalla a kan dakalin ƙofar ɗakinmu, kunne ɗaya nata, kunne ɗaya nawa.

Labarin wata yarinya ce, 'yar mai fito da kwalekwale, a wani gari da ke ƙasan babbar madatsar ruwa. Wakilin sarki mai kula da madatsar ya ga ruwa zai ɓata gonakin fada, sai ya buɗe ƙofofin ya sake shi a kan garin. Uban yarinyar ya tafi a ruwan. Wani kafinta mai ɗingishi, mai gyaran kwalekwale, shi ya goyo ta ya fito da ita. Daga nan labarin ya miƙe: yarinya tana neman hakkin garinsu, kafinta yana biye da ita, wakili yana gaba da su kullum da taki ɗaya.

Ba mu daɗe muna kallo mu biyu ba. Hajiya mai gida ta wuce mu wata rana ta leƙa, ta ga ruwa yana cin gidaje, ta tsaya. Kafin ta dawo Maamobi a unguwar Alajo take zaune, kuma ruwa ya taɓa shiga mata ɗaki har wuya. Ta ce, "Ku kawo shi a talabijin ɗina, idona ba ya ganin wannan ƙaramin abu." Haka aka koma barandarta, kowace Lahadi bayan la'asar. Mma ta shigo, surukar Hajiya ta shigo, matar mahaucin ɗakin ƙarshe ta shigo da tiren gyaɗarta tana ɓarewa. Turanci suke yi a katun ɗin, mai sauri, irin na hanci. Tashoshi suna juya fina-finan Indiya zuwa harshen Tuwi, amma ba wanda ya juya wannan zuwa komai. Ni aka ɗora wa aikin. In tsaya gefen talabijin, su yi magana in mayar da Hausa, har muryoyinsu nake kwaikwaya.

Hajiya ce ta kafa doka tun ranar farko. Ba mai kallon gaba. Ta nuna ƙawata da carbi ta ce, "Ke da kike ɗauko shi, amana ce a hannunki. Abin da ba mu gani ba, ke ma ba ki gani ba." Ƙawata ta dafa ƙirji ta ce wallahi. Ni ma na rantse, kuma ni rantsuwata ta fi tsada, don mai fassara da ya riga ya kalla aikinsa ya fi sauƙi. Ban taɓa yi ba. Tare da su nake jin komai, wani lokaci in buɗe baki in manta da fassarar sai Mma ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Ba mu riƙe sunayensu na Turanci ba, namu muka raɗa musu. Yarinya, Kafinta, sai wakilin da muke kira Mai Tattabaru, don yana kiwon fararen tattabaru a saman hasumiyarsa.

Bari in faɗi gaskiya, ni na fi kowa son Mai Tattabaru. Son mugu nake nufi, wanda aka rubuta shi da kyau. Mutumin nan bai taɓa ɗaga murya ba. Ba ya dariyar mugunta, ba shi da jan ido, toka-tokar riga ɗaya yake sawa kullum. Washegarin da ya sake ruwan, shi da kansa ya sauko yana raba wa waɗanda suka tsira barguna, yana tambayar kowa sunansa, yana shafa kan yara. Ya miƙa wa Yarinya nata bargon ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Da na fassara wannan, Hajiya ta ajiye carbinta ta ce, "Na san shi. Wallahi na san irinsa, ya zo mana da katifa da masu ɗaukar hoto." Abin da ya sa yake ba da tsoro shi ne bai taɓa ganin ya yi laifi ba. A lissafinsa gari ɗaya ya tafi, ƙasa ta ci abinci, a ba shi lambar yabo. In zan yi muryarsa sai in sassauta, in yi ta kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure, matar mahauci ta ce tsikar jikinta na tashi.

Kafinta kuwa ba kyakkyawa ba ne, kuma ba ya iya magana mai daɗi. Amma zango uku na katun ɗin, duk inda kwalekwalen Yarinya ya fashe shi ke toshewa. Akwai wurin da ta yi zazzaɓi a cikin daji, ya cire takalminsa na ƙafar da ke ciwo ya ƙona don ya dafa mata ruwa. Ba su ce komai ba a wurin, ba abin da zan fassara. Mma ta ce, "Wannan shi ne miji." Daga ranar aka gama magana a gidanmu. Yarinya ta Kafinta ce, Mai Tattabaru kuma muna jiran ranar da ruwan da ya sake zai zo kansa.

Na san akwai wasu a intanet da ke zana hoton Yarinya da Mai Tattabaru suna riƙe da hannu. Na sha zagin su a ƙarƙashin hotunan da Turancina na sakandare. Mutum ya kashe ubanki, ke kuma a zana ki kina jingina da kafaɗarsa? In na nuna wa ƙawata sai ta yi dariya ta ce, "Cale, ke dai ba ki da aiki." Cale, haka abokai ke kiran juna a nan. Na ɗauka dariyar tana tare da ni.

Da zango na ƙarshe ya kusa fitowa, aka saki ɗan tallansa. An nuna ganguna, an nuna Yarinya cikin lulluɓi, an nuna hannun ango amma ba fuska. Na juyo na ce wa mata, "Aure! Kafinta ya samu!" Surukar Hajiya ta yi guɗa, ta ce to ai sai a fitar da yayi. Abin da 'yan Najeriya ke kira anko, mu nan yayi muke cewa: atamfa iri ɗaya da dangi da ƙawaye ke ɗinkawa ranar biki. Da wasa ta faɗa. Amma matan Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, ba a yi musu wasa da atamfa. Sallah ta wuce, ba bikin kowa a kusa, kowa yana neman dalili. Kafin magariba an yanke: ranar kashi na ƙarshe za a dafa shinkafa, a haɗa zoɓo, kowa ta fito cikin yayin auren Kafinta. Mahauci ya ji labari ya ce duk mun haukace, matarsa ta ce ya kawo nama ya yi shiru.

Zaɓen atamfa da ɗinki, wa za a ba in ba ƙawata ba? Ranar Larabar makon da zangon ya fito ta shiga kasuwar Nima ta dawo da kore shar mai zanen fararen tsuntsaye sun buɗe fukafukai.

Na ce, "Tsuntsaye kuma? A auren Kafinta? Ba mai kifi ko mai igiyar ruwa?"

Ta ce, "Ita kaɗai ce za ta ishe mu duka. Sauran guntu-guntu ne."

"Kamar tattabaru fa."

"Ke komai tattabaru. Tsattsewa ce, buɗe idonki. Ɗago hannu in auna ki."

Na ɗaga hannu ta auna ni. Ta yi mini riga mai dogon hannu da siket, ta ce nawa za ta fi ƙawatawa tunda ni ce bakin ango. Har na rungume ta.

Muka fara kallon zangon, kashi ɗaya kowace Lahadi kamar yadda muka saba. Tun kashi na biyu na ji wari. Aka tura Kafinta teku neman wani katako, ya ɓace makonni. Aka kawo kashi guda cur a kan yarintar Mai Tattabaru: ubansa yana dukansa, yana kwana a ɗakin tattabaru, yana kuka. To sai me? Rabin yaran lungunmu da duka aka raine su, wa ya buɗe wa wani gari ruwa? Sannan suka fara gyara masa fuska. Mutumin da muka sani da furfura a gefen kai da kumatu a zube, sai ga shi an aske shi, an miƙe masa haɓa, gashi yana zubowa a goshi. Aka sa shi ya fara in'ina in ya ga Yarinya. Wanda bai taɓa shakkar kansa ba, yanzu yana tsayawa a taga yana kallon ruwan sama yana huci. Suka ɗauki mugu mafi kyau da na taɓa gani suka mayar da shi saurayin da aka ƙi amsa wa waya.

Mafi muni, suka fito da wani sabon mugu daga sama, wani waziri mai ƙaho a hula da dariya kamar ta akuya, wai ashe shi ya ba da umarnin buɗe madatsar. Zango uku ba a taɓa ambatonsa ba. Mun ga Mai Tattabaru da idonmu ya juya ƙarfen buɗe madatsar da hannunsa, shi kaɗai, ba wanda ya tsaya a kansa.

Mata suka fara tambayata. Hajiya ta ce, "Yarinyar nan me ya kai ta hasumiyarsa ita kaɗai?" Na ce tarko ne take haɗa masa. Mma ta ce, "Wannan kallon da take masa ba na tarko ba ne." Na ce Mma ki bari, na san masu rubutun nan, ba za su yi mana haka ba. Na sa bakina, na sa mutuncina. Kowace Lahadi ina tsaye ina kare mutanen da ban taɓa gani ba, ƙawata kuma tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya, atamfarmu a cinyarta, tana yanke zare da haƙori. In na ce, "Ko ba haka ba?" sai ta ce, "Mu dai gani."

Ranar ƙarshe gidan ya cika da ƙamshi tun azahar. Muka fito kore shar, mu duka, har Hajiya da ɗaurin ɗankwalinta mai hawa biyu. Matan gidan da ke bayanmu suka leƙo ta katanga suna tambaya auren wa ake, surukar Hajiya ta ce na wani kafinta ne ɗan'uwanmu, suka yi mana Allah ya sanya alheri. Aka ɗauki hotuna. Na tsaya a wurina gefen talabijin, sabuwar riga tana cizona a hammata.

Kafinta ya dawo daga teku da mata. Wata ce da ba mu taɓa gani ba, ko magana ba a ba ta ba, tana tsaye tana murmushi kamar hoton kalanda. Ya ce wa Yarinya ita ƙanwarsa ce har abada. Na fassara. Matar mahauci ta ce, "Ƙanwa? Takalmin fa?"

Sai Mai Tattabaru ya durƙusa a gaban Yarinya a bakin madatsa. Ya yi magana ba ta fi numfashi biyu ba. Ta sa hannu ta ɗago shi.

Ban fassara ba.

Ganguna suka tashi, ƙofar hasumiya ta buɗe, mutanen ango suka fito a jere. Dukansu cikin kore shar, da fararen tsuntsaye sun buɗe fukafukai a ƙirji da baya. Ba a taɓa nuna wannan kayan ba a duk katun ɗin, ko a tallan babu. Mma ta dubi talabijin, ta dubi zaninta, ta sake duban talabijin. Ni ban dubi komai ba sai ƙawata. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Dariya take.

Na ce, "Kin kalla."

Ta ce, "Cale, zauna mana, ana kallo."

"Kin kalla ko ba ki kalla ba?"

"To duka suka sake shi rana ɗaya. Yana cikin wayata, ina shago, madam ta tafi Kumasi. Ke da ke ce za ki iya?"

"Na iya! Wata nawa ina iyawa?"

"Naki daban, ba a hannunki yake ba."

Na kama rigar jikina na ce, "Wannan fa? Ita kaɗai ce za ta ishe mu, ko?"

Sai ta daina dariya. Ta miƙe, ta ce ita tun zangon farko Mai Tattabaru take so. Tun ranar barguna. Ta ce Kafinta mutumin kirki ne amma ɗan'uwa ne, ba a auren mutum don ya ƙona takalmi. Ta ce hotunan da nake zagi a intanet tana da su cike da waya. "Kin taɓa tambayata wa nake so? Ke ce mai baki, ke ce mai Turanci, abin da kika ce shi ne labari. Na ce bari sau ɗaya nawa ya ci, kuma ku taya ni biki."

Na ce, "Da kin faɗa da mun yi faɗa, mu gama, mu ci abinci. Amma ki auna ni da hannunki? Ki bar ni ina rantse wa Hajiya tarko ne, kina zaune kina cizon zare?"

Hajiya ta buga carbi a hannun kujera. "Ku rufe mini baki. Me ya ce mata da ya durƙusa?"

Na ce ba zan faɗa ba. Bakina ba zai ɗauki wannan ba. Ƙawata ce ta faɗa: wai ya ce ya yi kuskure, zuciyarsa ce ta kasance a rufe, ita ta buɗe ta.

Hajiya ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

"Mutanen da ruwa ya ci fa? Uban nata fa?"

Katun ɗin bai amsa wannan ba. An nuna amarya da ango suna sakin tattabaru, aka rubuta sunayen masu aiki. Hajiya ta kwance ɗankwalinta mai hawa biyu ta ninke a cinya, ta ce a zuba abinci kada ya huce. Suka ci. Ni na shiga ɗaki na tuɓe rigar, har ɗinkin hammata ya ɓarke.

Na yi fushi da masu rubutun, har yau ina yi. In suna son su ba shi Yarinya, to su sa ya biya. Ya sauka garin ya tsaya a gaban matan da ya mayar zawarawa, ya kira sunayen da ya tambaya ranar barguna, ya kwashe laka da hannunsa, a tofa masa yawu ya shanye. Ko a islamiyya an koya mana hakkin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai ka je wurin mai shi. Su kuwa suka yi masa aski suka ce ya tuba. Amma su ba su san ni ba, ba su taɓa cin tuwo a kwanonmu ba. Ƙawata kuwa ta san ni.

Ban yi mata magana ba. In ta fito famfo in koma, in ta gaishe da Mma in duƙa kan tukunyar koko. Da aka wuce kwana ukun da addini ya yarda a yi gaba, Hajiya ta aika a kira mu barandarta. Ta fara da ƙawata, ta wanke ta tas a kan amana, ta ce wanda ya ci amanar kallo zai ci ta kuɗin adashi. Ƙawata ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ki yi haƙuri. Wasa ne ya yi yawa."

Na ce, "Haƙurin me? Na kallon, ko na atamfar, ko na makonnin da kika bar ni ina haushi kamar kare?"

Ta ce, "Duka."

Hajiya ta ce, "To kin ji. Ce kin yafe. A kan zanen yara ba za a raba mini gida ba."

Na dubi Hajiya. Matar da ta tambayi mutanen da ruwa ya ci, ita ce yau take so a gama da kalma ɗaya. Amma Hajiya ce, kuma Mma tana tsaye a bakin ƙofa tana zare mini ido. Na ce na yafe. Aka sa muka gaisa hannu da hannu, surukar Hajiya ta yi guɗa.

Bayan kamar wata guda ta same ni a famfo ina tara ruwa. Ta ajiye bokitinta kusa da nawa, ta ce wani sabon katun ya fito, na wasu 'yan mata masu farautar aljanu, kashin farko yana wayarta.

"Ban buɗe ba. Wallahi ban buɗe ba. Mata sun ce Lahadi."

Na dube ta sosai. Idonta a kaina, ba ta ƙifta ba, fuskar nan tata mai sanyi da na sani tun muna yara. Mai yiwuwa gaskiya take faɗa. Na nemi wata alama da za ta nuna mini, na rasa, don da wannan fuskar ce ta ce mini tsattsewa ce.

Na ce, "Ki kai musu. Ke ma ai kina jin Turancin."

"Nawa ba ya kai naki, kin sani. Ba na iya muryoyin."

"Za ki koya."

Bokitina ya cika, na ɗauka. Ran Lahadi bayan azahar na shiga torotoro, motar hayarmu, zuwa unguwar Madina wurin yayata, na taya ta wanki da kitson yara, ban dawo ba sai da aka kira magariba. Mma ta ce sun kalla, fassarar ba daɗi, Hajiya ta yi barci a tsakiya. Ta tambaya ko mako mai zuwa zan tsaya. Na ce yayata ta ce in riƙa zuwa.